Matoshin da Ba Ya Narkewa

Danau Kota, Kuala Lumpur
10 ga Mayu, 2015

Kaka Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Goggo Sauda da yaranta. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau. Sharifa na gaisuwa. Nuriyya ta cika shekara biyar, Hausarta kuwa sai addu'a, ka yi mata magana ta amsa da Turanci ta rufe da "lah" irin na mutanen nan.

Na san za ka ce yau wace rana Alkasim ya tuna da tsoho. Laifin kunnenka ne. Da na kira ka da Sallah ina cewa barka da shan ruwa, kai kana tambayar wa ya rasu. Shi ya sa na koma takarda, ɗalibanmu masu zuwa gida za su riƙa kawo maka.

Ga labarin. Ranakun aiki ina jami'a kan bincikena, amma Asabar ina wurin wani tsohon Basine, Ankul Teoh, a bayan masu gyaran babura na Setapak. Sana'arsa ƙera kayan gyaran ƙananan jiragen ƙasa. Kada ka zaci abin wasan yara ne. Kan jirgi ne na gaske mai kwal da ruwa da tururi, sai dai an rage komai zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Tsawonsa ya kai benci, mutum huɗu ba sa ɗaga shi, direba na zama a bayansa gwiwoyinsa a bakin murhu, ya ja taragu cike da mutane. Wasu tsofaffi ne suka yi ƙungiya, suka shimfiɗa layi a wani lambu a wajen gari. Jiragen sun girme ni, waɗanda suka ƙera su sun mutu, babu kantin da za ka sami kayansu. In wani abu ya karye sai a kawo mana, mu auna tsohon, mu raba, mu sassaƙa sabo a injin juya ƙarfe. Dokar Ankul guda ce: sabo ya yi kama da tsoho har mai jirgin ya kasa nuna wanda aka canja.

Ranar da na fara jin warin kwal da mai, kai na tuna. Tun rasuwar kakana Sirajo, kai ɗan baffansa kai kaɗai ka rage a danginmu da ya taɓa shiga cikin tukunyar jirgi. Ka ba ni labarin aikin, in ba ka manta ba.

Jikanka,
Alkasim

*

Sabon Gari, Zariya
4 ga Yuni, 2015

Alkasim, ɗan nema,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa ya tafi ya bar ni, guduma ta cinye shi tun ina saurayi. Ka gaishe mini da matata Sharifa, ka ce mata ina nan ina jiran ta gaji da kai. Na je gaishe da kakarka Hajiya Aminatu ranar Juma'a, tana lafiya, ido ne dai ya yi rauni.

Wato gwamnati ta tura ka ƙetaren teku ka zama dakta, ka ɓuge da gyaran jirgin 'yan tsana. Na yi dariya har Sauda ta leƙo. Amma in gaya maka gaskiya na ji daɗi, har na yi ƙwalla. Na zaci warin nan ya ƙare a gidanmu.

Ka ce in ban manta ba. Shekara talatin na yi ina aikin fita, wato makanikin jirgi, a loko, garejin jiragen ƙasa, yanzu ma in ka rufe mini ido zan kwance maka famfon ruwa in mayar. To ga abu ɗaya da ba na jin an koya muku. Ƙarfe yana rabuwa gida takwas, ƙusa ma haka, har ƙararrawa. Wuta ba ta rabuwa. Tururin da ke cikin 'yar tukunyarku bai san an rage shi ba, fatar mutum kuma ba ta san ƙaramin jirgi ba. Na tsaya a wurin da ka ce direba na zama gwiwoyinsa a bakin murhu, ban so wannan layin ba.

Ina da tambaya. A namu jiragen akwai wani matoshi na tagulla da ake ɗaurawa a rufin murhu, ƙarƙashin ruwan tukunya, an huda cikinsa an cika da dalma. Naku yana da shi? In yana da shi ka kula da shi fiye da komai, shi ne ran tukunya. Ka ba ni amsa a kan wannan ko da ba ka rubuta komai ba.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Kakanka,
Ɗayyabu

*

Danau Kota
2 ga Yuli, 2015

Kaka,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, azumin nan dai zufa ce, sama ta yi ruwa da la'asar amma ba sanyi. Sharifa ta ce in gaya maka ta fi son mai haƙora.

Ka yi duba ne? Matoshin da ka tambaya shi ne ciwon kanmu. Ƙungiyar na da wani jirgi da suke kira Si Hitam, wato Baƙa, shi ne babbansu. Sau uku bana dalmar matoshinsa tana narkewa ana tsakiyar tafiya, kullum a gangaren da ke bayan kududdufi. Sai ka ji fuuu, tururi ya cika murhu, wuta ta mutu, a sauke mutane a tura jirgi da hannu. Direbobin sun rantse gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya na nuna rabi a duk lokutan. Shugabansu ya ce wa Ankul in ba zai iya ba za su aika Ingila, tsohon ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai.

Sai takardarka ta zo ka ce shi ne ran tukunya, na ce to ai rai ba a barinsa da rauni. Na sami tagulla mai kyau a wurin masu tsofaffin ƙarafa na Chow Kit, na sassaƙa matoshi dunƙule, babu rami babu dalma. Girmansa bai wuce gaɓar ƙaramin yatsa ba. Don bin dokar Ankul na ɗan ƙwaƙule fuskarsa na ɗiga dalma, ka ajiye shi kusa da na asali ba za ka bambance ba. Mun cika tukunyar da ruwa mun matsa ta ninki biyu na abin da take ɗauka, ko ɗigo bai fito ba. Ankul ya juya shi a hannu ya ce, "Boleh, lah," wato ya yi, shi ke nan yabonsa, kuma ba kowa yake samu ba. Ban gaya masa cewa cikin dunƙule ne ba, na ce dai na gyara shi yadda ba zai sake narkewa ba.

Ladan da na samu: ranar 31 ga Agusta, bikin 'yancin ƙasarsu, za a buɗe lambun ga jama'a, kuma ni zan tuƙa Si Hitam. Nuriyya ta riga ta kama kujerar da ke bayana. Zan aiko maka da hoto, gani ya kori ji.

Alkasim

*

Zariya
26 ga Yuli, 2015

Alkasim,

Muna lafiya. Takardarka ta yi kwana ashirin da uku a jakar wanda ka ba, jiya ta iso. Na sa Sauda ta ɗauki hoton wannan ta turo maka ta waya don kada ta kwana.

Ka cire matoshin nan. Kada a hura wuta a jirgin yana ciki. Ba ka fahimce ni ba. An yi shi ne don ya narke. In ruwa ya janye daga rufin murhu, dalma ce ke fara mutuwa ta kashe wuta kafin rufin ya yi laushi ya rufto. Matoshin da ya narke sau uku gaskiya ya faɗa sau uku, ruwa ba ya tsami banza. A gangara ruwa gaba yake gudu ya bar murhu tsirara. Gilashinku ne maƙaryaci, ku kwance shi. Gwajin ruwan sanyi bai gwada komai ba sai ƙarfin zaren ɗaurin matoshin.

Ba wasan jika da kaka nake ba.

Ɗayyabu

*

Danau Kota
29 ga Yuli, 2015

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Goggo Sauda ta turo, ta kuma kira ni ta ce ka hana kanka abinci. Don Allah ka ci.

Na gane maganarka, amma ka bar ni in yi tawa. Tukunyarku ta ƙarfe ce mai girman ɗaki, tamu ta jan ƙarfe ce, kuma da yawa daga ƙananan jiragen nan ba a sa musu matoshin ma sam. Na yi lissafin kaurin rufin sau biyu, na nuna wa wani abokin karatuna ya duba. Gilashin kuma sabo ne, bara aka sa shi. In na je yanzu na ce wa Ankul a kwance tukunyar da aka riga aka rufe aka yi mata fenti, saboda kakana a Zariya ya yi mafarki, da wane ido zai dube ni? Ni kaɗai ne baƙar fata da ya taɓa bari ya taɓa injinsa.

Na san abin da ke ranka. Duk gidanmu mun tashi da labarin yadda Kaka Sirajo ya yi sakaci ya bar ruwa ya ƙare a tukunya, wuta ta cinye shi. Babana har ya rasu ba ya son a ambaci jirgi. Ka kwantar da hankalinka, idona ba zai bar gilashin ba. Ni ba Sirajo ba ne.

Alkasim

*

Zariya
15 ga Agusta, 2015

Alkasim,

Ina gaishe ka da iyalinka. Jikina lafiya. Wannan ba za ta bi ta waya ba, ban yarda Sauda ta gani ba. Na liƙe ta da hannuna na ba wani ɗalibi, Shafi'u, da zai tashi daga Kano ranar Laraba. Kwana goma sha bakwai na yi ina ɗaukar biro ina ajiyewa, ga shi kwanakin sun ci rabin abin da ya rage mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka ce kai ba Sirajo ba ne. Gaskiya ne. Kai ni ne.

A 1964 ina da shekara ashirin da uku, sabon fita, hannuna na da kyau kuma na sani. Akwai wani jirgin kaya da matoshinsa ya narke sau biyu a wata guda. Duk narkewa sai an kashe wuta, a jira tukunya ta huce kwana biyu, in rarrafa cikin murhu in canja, shugaban aiki na tsaye a kaina yana cewa ban iya zuba dalma ba. Na gaji da zagi. Na sami guntun tagulla na sassaƙa shi dunƙule, na ƙwaƙule fuskarsa na ɗiga dalma don mai duba aiki ya gani ya wuce. Ya gani ya wuce. Da na karanta takardarka inda ka ce ka ɗiga dalma a fuska, sai da na dafa bango.

Ban san wa za a ba jirgin ba. Bayan mako biyu aka ba Sirajo, shi ne mai zuba kwal. Da safen ya biyo ta loko ya karɓi goro a hannuna, ya ce in gaya wa Aminatu ta ajiye masa tuwo. A wata gangara rufin murhun ya rufto. Direban yana leƙe ta taga, ya tsira da ƙunar baya. Sirajo ya buɗe ƙofar murhu ke nan da shebur a hannu. Ya kwana uku a asibiti, ni na zauna da shi. Abin da yake ta maimaitawa shi ne gilashi na nuna rabi, wallahi rabi. Ba wanda ya yarda da shi sai ni, ni kuwa na yi shiru.

Da aka jawo jirgin ni aka tura in shiga. Na kwance matoshin na jefa a aljihu, na ɗaura tsoho wanda ya narke. Aka rubuta sakacin mai zuba kwal. Na kwance gilashin daga baya ni kaɗai, ƙofarsa ta ƙasa ta toshe da dattin ruwa, ruwan da ke ciki tsohon ruwa ne da ya maƙale. Ko an sa sabon gilashi, in ƙofar ta toshe ƙarya zai yi.

Matoshin yana nan cikin gwangwanin da nake ajiye takardun fansho. Shekara hamsin da ɗaya ina gaishe da kakarka duk Juma'a, tana sa mini albarka don na riƙe zumunci. Babanka ya girma yana jin kunyar ubansa a banza.

Ka tsane ni in ka so, ka yi daidai. Amma ka cire shi tukuna. Ina tsoro, Alkasim, tsoron da ban ji irinsa ba tun ranar.

Ɗayyabu

*

Zariya
6 ga Satumba, 2015

Alkasim,

Ina gaisuwa. Yau kwana shida da ranar bikin. Sauda ta kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba. Ta sami Sharifa sau ɗaya, ta ce mata kuna lafiya, ta kashe. Sauda ta ce muryarta ba daidai take ba, ni kuwa ba ni da kunnen da zan auna. Ban san ko Shafi'u ya kai maka takarda ba, ban san ko ta iso kafin ko bayan ba. Hoton da ka yi alkawari bai zo ba.

In fushi ne, na ɗauka. Ka rubuta mini layi ɗaya da hannunka, in ga hannun na aiki. Ka sa Nuriyya ta yi zane a ƙasa.

Ɗayyabu

*

Danau Kota
16 ga Satumba, 2015

Kaka Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ga hannuna, ga zanen Nuriyya a ƙasa, ta ce jirgi ne. Duk muna lafiya. Hayaƙin dajin da ake ƙonawa a ƙetaren ruwa ya rufe garin, an rufe makarantu, rana ta zama kamar kwano ja. Tari ne kawai ke damunmu.

Shafi'u ya manta da takardarka a akwati. Ranar Asabar, saura kwana biyu, ya ba ni ita a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, inda muke shan shayi. A nan na karanta. Ban san na tashi ba sai da na gan ni a bakin titi, shayin na can ban taɓa ba.

Lahadi na je na gaya wa Ankul komai game da matoshin. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini sifana ya juya baya. Na kwance nawa, na huda sabo, na narka dalma na cika shi har wuya. Gilashin ban samu na kwance ba, shugaban ƙungiya ya ce ba lokaci, ai sabo ne.

Litinin na tuƙa. Mutum goma sha ɗaya a bayana, Nuriyya ta riƙe rigata. Zagaye biyu lafiya. A na uku, muna sauka gangaren bayan kududdufi, na buɗe ƙofar murhu zan ƙara kwal, sai fuuu. Dalma ta narke, wuta ta mutu, toka mai ɗumi ta watsu a wandona. Yara suka yi ta dariya, wani ya tafa. Na dubi gilashin, Kaka. Rabi yake nunawa. Na zauna ina kallonsa har aka sauke kowa. Da Ankul ya kwance shi da yamma, ƙofar ƙasa a toshe take da farin datti, allura ma ba ta shiga.

Da a nan labarin ya ƙare da na rubuto tun ranar. Abin da ban gaya maka ba a Yuli shi ne huɗu na sassaƙa. Hannu ya zauna, tagulla ta rage, na ce me zai hana. Ankul ya sa ukun a akwatin gilashi tare da na asali, kuma duk an saye su. Mako biyun nan bin su muke. Mun karɓo ɗaya a Ipoh, ba a kai ga ɗaura shi ba. Na biyu a Seremban, na kwance shi da hannuna daga tukunyar da jikokin mutumin ke hawa. Na ƙarshe wani baƙo ne ya ɗauka a ranar baje kayan gyara cikin Yuli. Ankul ya tuna dogo ne mai hular kaki, ya ce jirginsa na wata ƙasa, bai tuna wace ba. Ba a rubuta sunansa ba. Mun sanar a duk ƙungiyoyin da muka sani har Ostareliya, da hoto. Amma hoton me? Na yi shi yadda ko mai jirgin ba zai bambance ba. Har yau ba wanda ya amsa.

Maganar Kaka Sirajo ba zan iya amsa ta yanzu ba. Na yi fushi da kai har na kasa jin muryar Goggo, kuma in ba don kai ba da yanzu wani ne ke rubuta maka wannan. Duka biyun suna raina, ba wanda ya kori wani. Abu ɗaya nake nema: Hajiya ta ji kafin ta bar duniya, daga bakinka, cewa mijinta ya faɗi gaskiya. Kada ka jira ni. Ka tafi da gwangwanin ranar Juma'a.

Nawa ukun suna cikin aljihun tebur, na huda kowanne don kada ya sake yaudarar wani. Duk ƙarar da wayata ta yi sai gabana ya faɗi. Kai ka san wanda naka ya ƙona, Kaka, har ka zauna a gefen gadonsa. Ni ban san nawa ba tukuna.

Jikanka,
Alkasim